Hoton da Ba a Gyara Ba

Tun da Mai Hoto ya buɗe shagonsa, hoto bai taɓa fita daga hannunsa da ƙurji ba. Amarya ta zo da idanu a kumbure saboda kuka, a ba ta hoto kamar barci ta sha ta ƙoshi. Ɗan makaranta ya zo da ƙurajen balaga, ya karɓi hoton fasfo sumul. A da da ɗan siririn burushi yake yi a kan takarda. Da kwamfuta ta zo ya koya, hannun dai shi ne. Bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. A wurinsa hoton da ba a gyara ba riga ce da ba a yi wa kalmasa ba, kuma a bakin matarsa ya samo wannan misali, don ita ɗinki ne sana'arta. Tela kowa ke ce mata, har shi.

Bango ɗaya ya raba shagunansu, gidan kuma yana bayan shagunan. Wata safiya tana ɗora ruwan shayi tukunyar gas ta fashe da ita. Ta rayu, amma wutar ta cinye hanci da leɓɓa da kumatu. Aka yi ta tiyata, a yanko fata daga cinya a liƙa, har cinyar ta rasa wurin yanka. Bakin dai ya ƙi rufuwa. Ta koma ɗinki a ɗakin baya da tsumma a ƙirji saboda miyau, ƙanwarta Ƙarama ce ke auna masu kawo aiki ta kai mata ciki.

Shekaru suna haka, sai wani babban asibiti mai nisa, tafiyar yini a mota, ya ce za a iya yi mata dashen fuska in an samu wadda ta dace. Aka samu. Wata mata ce ta rasu, danginta suka amince. Ba a faɗi sunanta ba, su ma ba su tambaya ba.

Ranar da aka kwance bandeji aka miƙa mata madubi. Fuskar a kumbure take, tana sheƙi kamar an hura mata iska. Tela ta bi layin ɗinkin da ido, daga gaban kunne har ƙarƙashin haɓa.

"Wa ya yi ɗinkin nan?" Maganar da ƙyar take fita.

Likitan, wani dogo mai yawan gyara tabarau, ya ce su da yawa ne.

"Shi ya sa. Na hagu ya fi na dama hannu."

Ta mayar da madubin, ba ta kuma sake neman wani ba. Da suka koma gida ta sa aka juya na ɗaki ya kalli bango. Dogon na shago, wanda masu gwada kaya ke dubawa, aka kai shi wajen Mai Hoto.

Kafin a sallame su likitan ya zaunar da su biyun a ofishinsa.

"Mama, jikinki yana da masu gadi. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne a cikin jini, su ne garkuwar jiki. Duk abin da ba naki ba ne suna gane shi, aikinsu kuma su kashe shi. Fuskar nan ba su san ta ba."

"To a haɗa su su gaisa mana."

"Ba sa jin magana, Mama. Sai dai a sa su gyangyaɗi. Aikin maganin nan ke nan da za ki riƙa sha safe da yamma. In ya yi kaɗan su farka su far wa fuskar. In ya yi yawa ya taɓa ƙoda, kuma ko mura ta kayar da ke. Tsakiya muke nema."

"Har zuwa yaushe?"

"Iya rayuwa."

"Ka ce aure aka ɗaura min da kwalba."

Likitan ya yi dariya, sannan ya juya wajen Mai Hoto. Ya ce in masu gadin sun farka, a fata ake fara gani: ja, ko ƙuraje, ko kumburi. Da farko za su riƙa zuwa a kai a kai ana ɗan yankar fata ana dubawa. In abin ya daidaita, tunda hanya da nisa, sai su riƙa turo hoto duk mako, gaba da hagu da dama.

"Ku kam kun yi sa'a, Baba. Wasu sai su turo mana rabin kunne da silin. Ku ga mai hoto a gida."

Bai ce kada a taɓa hoton ba. Abin bai zo masa a rai ba. Mutanen asibiti sun fi yarda da hoto a kan bakin majiyyaci. A ganinsu mutum ne ke ƙari da ragi, na'ura kuwa abin da ta gani take faɗa. Da alama babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa wuni a shagon mai hoto.

Aka yi ta zuwa asibiti, sakamako yana kyau, har aka kai lokacin turo hoto. Da safe kafin mutane su fara shigowa, Mai Hoto ya zaunar da ita a kan kujerar da ba ta da jingina, gaban farin labule, ya kunna fitilu.

"Ɗaga haɓa. Kaɗan. Kin yi yawa."

"Tun ina budurwa kake ce min na yi yawa."

"Tun kina budurwa kike yin yawa."

Da ya buɗe hoton a kwamfuta ya ƙara masa girma, sai ya gane yau ce rana ta farko da ya kalli fuskar sosai. A gida idanunta yake kallo, don su ne nata. Fuskar ta ɗan fi wuyan haske, sai ya daidaita su. Layin ɗinkin bai taɓa shi ba. A tunaninsa shi ne abin da likita ke son gani, kuma ba ya sa hannu a aikin wani. A ƙasan leɓe ta hagu akwai tawadar Allah, 'yar ƙarama kamar ƙwayar riɗi. Tela ba ta taɓa samun tawada a nan ba. Taɓawa ɗaya ya yi ta ɓace, kafin ma ya yi tunani.

"Mu gani."

Bai san tana tsaye a bayansa ba. Ya so ya rufe, amma ta riga ta sunkuyo. Ta daɗe tana kallo.

"Ba laifi," ta ce. "Matar tana da kyau."

Mako na gaba ta sake tsayawa a bayansa, da wanda ya biyo baya. Wata rana ta karkata kai ta ce, "Ashe ban yi muni ba." Mai Hoto ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur har sai da ta fita.

Daga nan ta dawo da keken ɗinkinta shagon gaba. Ta daina sa takunkumin rufe fuska in ba fita za ta yi ba. Ita da kanta take auna mutane, da tsinken allura a gefen baki, bakin da yanzu yake rufuwa. Ƙarama ta samu sarari ta bi mijinta garin da aka mayar da shi aiki, duk mako Tela tana tura mata hoton da aka tura wa likita. Madubi dai bai dawo ba. In mai kaya tana son ganin kanta, sai a ce ta leƙa maƙwabta.

A kumatun hagu jan ya fara. A kwamfuta Mai Hoto ya fara ganinsa, ba a fuskarta ba, don wanda kake kwana kake tashi da shi ba ka ganin ya canza. Ya tuna maganar likita. Amma shi da aka ce ja, ja kamar jini ya ɗauka. Wannan kuwa irin jan da ke fuskar duk wanda ya shigo daga rana ne, irin wanda yake ragewa kullum ba ya ko lura. Ga zafin fitila. Ga shi ta wuni a kan dutsen guga. Kyamarar ma ya san halinta, tana ƙara ja. Ya rage.

Mako na gaba sai da ya ɗan ƙara hannu kafin kumatun biyu su zo ɗaya. Bayan wasu makonni ƙananan ƙuraje suka fito kusa da kunne. Ranar ya tsaya. Ya ajiye hannunsa a kan cinya yana kallon hoton yadda yake, yana tunanin ya tura shi haka. Tela tana bayansa da kofin shayi.

"Yau kuma hannun ya yi sanyi? Ina da rigar mutane a keke."

Safiyar nan ce kaɗai a mako take kallon kanta. Ya ce a ransa in abin bai tafi ba zuwa mako mai zuwa zai faɗa wa likita. Ya goge ƙurajen ɗaya bayan ɗaya.

"Yawwa," in ji Tela.

Ita ba ta jin ciwo. Jin fuskar a hankali yake dawowa, wuri-wuri, kumatun hagu kuwa shi ne a baya. In ta shafa ta ji tauri, sai ta ɗauka haka warkewa take.

A cikin wannan lokaci likitan ya bugo waya. Gwajin jinin da suke yi a ƙaramin asibitin unguwa ya nuna ƙoda ta fara gajiya da maganin. Tunda fata lafiya lau take, ya ce a rage, kuma ba sai sun sha wahalar hanya a wannan watan ba.

"Hotunanka har ɗalibai nake nuna wa, Baba."

Mai Hoto ya ji daɗi. Sai da ya ba wanzamin da ke kallon shagonsa labari.

Ƙarama ta zo ganin gida wata rana da hantsi. Ta shagonsa ta fara shiga, da jaka a kafaɗa.

"Ina angon nawa? Kai, Mai Hoto, ka tsufa fa. Ko kai ma a nemo maka sabuwar fuska?"

"Ji mai magana. Kin tafi kamar tsinke, kin dawo ƙofa ta yi miki kaɗan."

"Hutu ne. Ni mijina ba ya sa ni ɗaga haɓa."

Tana dariya ta zagaya shagon yayarta. Mai Hoto yana jin dariyar ta bango, sai ya ji ta yanke.

"Yaya, me ya same ki?"

"Kamar me?"

Ƙarama ta ajiye jaka ta fito da waya, ta buɗe hoton da aka turo mata, ta ɗaga shi kusa da fuskar Tela. Ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Ke, ki yi magana mana. Me kike gani?"

"Kumatunki. Ya yi ja har ya fara duhu. Ga ƙuraje har wuya. Nan kuma kamar yana ɓawo. Yaya, ba ke ba ce a hoton nan."

Tela ta kai hannu ta shafa wurin a hankali. Ta zare allurar da ke bakinta ta soke a jikin riga.

"Mai Hoto."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ya ji. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kana gyara su?"

"Ɗan haske ne kawai nake..."

"Har na likita?"

"Ai hoto ɗaya nake yi, Tela. Wanda kika gani shi nake turawa."

"Innalillahi," in ji Ƙarama. "Likita kake wa kwalliya? Amarya ce shi?"

Ƙarama ta ja yayarta bakin taga, ta ɗauke ta hoto da wayarta mai tsagaggen gilashi, hoton a karkace, ta tura wa likita. Ba ta mayar da wayar jaka ba likitan ya kira. Bai yi wasan da ya saba ba. Ya ce su taso yanzu.

A asibiti aka yanki fata aka kai ɗakin gwaji, aka ɗaura mata ruwa da magani mai ƙarfi. Likitan ya tambayi Mai Hoto ko yana da hotunan yadda suka fito daga kyamara. Yana da su, duk mai hoto yana ajiye na asali. Suka jera su a kwamfutar ofis, na gaskiya a sama, waɗanda aka turo a ƙasa. Layin ƙasa fuska ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe. A layin sama kuwa ko yaro zai ga jan yana rarrafe daga kumatu zuwa kunne, yana gangarowa wuya.

Likitan ya cire tabarau ya nuna ɗaya. "A nan da mun ƙara magani, da ya wuce cikin kwana kaɗan." Ya matsa gaba ya nuna wani. "A nan ni kuma na rage."

"Ni na jawo, Likita."

"Ni ma ban faɗa maka ba. Kuma fuska ba ta zama iri ɗaya haka wata da watanni, ya kamata in yi shakka. Daɗin hotunan na ji."

Kowannensu ya ɗauki nasa rabon, hakan kuma bai rage komai a kumatun Tela ba.

Da sakamako ya fito likitan ya kawo musu shi bakin gado, a allon kwamfutar hannun da yake yawo da ita. Wani abu ne ruwan hoda mai ramuka, da ɗige-ɗige masu duhu sun yi cincirindo.

"Ramukan nan jijiyoyin jini ne, su ke ciyar da fuskar. Ɗige-ɗigen nan su ne masu gadin. Kin ga yadda suka kewaye su. Sun daɗe suna aiki, har bangon jijiyar ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke."

"Duk nawa ne?" in ji Tela.

"Ba duka ba. Fuskar ma da nata masu gadin ta zo, a cikin fata. Na marigayiyar. Wasu suna nan da rai."

"Da wa su kuma suke faɗa?"

"Ba mu gama sani ba, Mama. Ana kan bincike."

"Baiwar Allah. Ita ma ba a bar ta ta huta ba." Ta ƙura wa ɗige-ɗigen ido. "Nawan fa, sun san ni suke wa ɓarna?"

"Ba su san komai ba. A ganinsu taimakonki suke yi."

"Na san irinsu," in ji Tela. Ba ta kalli kowa ba.

Maganin ya yi rabin aiki. Ɓangaren dama ya lafa, jan ya koma baya. Na hagu kuwa sai ƙara duhu yake, daga ja zuwa launin hanta, gefen leɓe ya bushe ya yi baƙi. Ƙarama ce ke kwana da ita. Mai Hoto yana zuwa da safe ya zauna a kujerar roba ta gefen gado, ya miƙa ruwa in an ce ya miƙa. Tela ba ta yi masa faɗa ba. Ya yi ta jira, bai samu ba. Da ta zage shi da ya san inda zai sa kansa.

Daga ƙarshe likitan ya zo da wasu manya biyu. Suka ce kumatun hagu da rabin leɓen ƙasa sun mutu, dole a cire kafin su ruɓe. Za a rufe wurin da fata daga bayanta. Sauran fuskar za a ci gaba da kallo, ba su yi alkawari ba.

"Bakin zai rufu?" Abin da ta tambaya ke nan kawai.

Babban cikinsu ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Tela ta daɗe tana hulɗa da masu sana'a, ta san abin da wannan amsa take nufi.

"Ƙarama, in kin koma ki nemo min tsummokaran nan. Suna ƙasan akwatin zare."

Safiyar tiyata likitan ya zo da alƙalami mai shuɗin tawada, ya zana layi a fuskarta kamar allin tela a kan yadi, ya kewaye abin da za a yanke. Da ya fita, Ƙarama ta bi shi da tambayoyi. Ɗakin ya rage su biyu.

"Ka zo da kyamarar?"

Kullum tana jakarsa.

"Ɗauke ni."

Ya tashi ya buɗe labulen taga. Ta gyara zama a kan gado, ta ja ɗankwali baya. Ya ɗaga kyamarar, ya tsaya.

"Ba za ka ce na yi yawa ba?"

"Daidai kike."

Ya danna. Ta miƙo hannu, ya ba ta kyamarar, ya nuna mata inda ake ƙara girma a ɗan allon baya. Ta fara daga goshi ta gangaro a hankali, yadda take duba yadi kafin ta sa almakashi. Ta ga jan, ta ga baƙin, ta ga shuɗin layin. Da ta zo ƙasan leɓe sai ta tsaya.

"Wannan ɗigon fa? Shi ma cutar ce?"

"A'a. Tawadar Allah ce. Da ita ta zo."

"Ban taɓa ganinta ba."

"Ni nake gogewa."

"Tun yaushe?"

"Tun hoton farko."

Ta ƙara girman wurin har ɗigon ya cika allon, sannan ta rage, ta duba inda layin ya bi.

"A cikin allin take," ta ce. "Da ita za a yanka."

Ta kai yatsa ƙasan leɓenta tana lalube. Wurin ba ya ji, ta sauka can gefe. Mai Hoto ya kama yatsan ya ɗora shi daidai. Ta bar shi a nan.

"Wata uwa ta san wannan ɗigon," ta ce. "Ko wani miji. Ni da na yi ta yawo da shi ban ko gaishe shi ba."

Ma'aikata biyu suka shigo da gadon turawa. Ta miƙa masa kyamarar.

"Ka fitar min da shi a takarda. Babba. Yadda yake."

"To."

"Mai Hoto. Yadda yake na ce."

"Na ji, Tela."

Ya bi gadon har ƙofar da ba a wucewa, sannan ya zauna a benci a baranda. Ƙarama tana can ƙarshe tana waya tana share ido. Ya kunna kyamarar ya buɗe hoton. Hasken taga ya yi yawa a goshi, ya gani nan take. Gyaran ba zai ɗauki komai ba. Babban yatsansa ya fara motsi a kan allon, sai ya sa ɗaya hannun ya danne shi.